Shekarar da Teburin Tsoho Pei Ya Yi Ƙamshin Mangwaro

A gidan shayin Anti Shu, wanda ke bakin kogin Min a garin Leshan, tun kafin a ga Tsoho Pei ake jin zuwansa. Wani dogon ƙarfe mai baki biyu yake riƙewa, yana tafe yana ɗan kaɗa shi, ƙarfen yana wata siririyar ƙara mai ratsa hayaniyar masu shan shayi. Duk wanda kunnensa ke ƙaiƙayi sai ya ɗaga hannu. Shekara talatin da huɗu ke nan Pei yana sana'ar ƙwaƙular kunne. Kayan aikinsa ba su cika aljihun gaban riga ba: 'yan tsinkayen gora, mitsitsin cokali, hantsaki, da gashin agwagwa ɗaure a bakin siririyar wayar ƙarfe. Mutum zai kishingiɗa a kujerar gora ya lumshe ido, Pei ya duƙa a kansa da fitila a goshi, kafin a gama kunne ɗaya wani har ya fara minshari.

Abokan zamansa biyu ne, tun suna samari suke tare. Akwai Dou, wanda ya yi shekaru yana tuƙa jirgin fito kafin a gina gada, mai ƙaton ciki, mai murya kamar kullum da mutanen wancan ƙetaren yake magana. Akwai kuma Malam Ran, tsohon malamin lissafi, siriri, mai tsabta, wanda ko karta zai ajiye sai ya daidaita ta da gefen tebur. Da la'asar, idan aiki ya lafa, sukan hallara a teburin da ke gindin ceɗiya, Anti Shu ta zo ta zama ta huɗu, a yi ta buga karta. Mazan uku duk mashaya taba ne na gaske. Hayaƙinsu kan taru a ƙarƙashin rassan ya ƙi tafiya, har Anti Shu takan ce tsuntsayen bishiyar nan ma tari suke yi.

Tari ne kuwa ya canja wa Pei hanya. Wata safiya yana cikin kunnen wata baƙuwa, tsinke ya yi nisa, sai tarin ya taso masa babu sallama. Ya dai samu ya zare hannu, ko ɗigon jini ba a gani ba, amma matar ta ƙwalla ƙara ta dafe kunne, ta dube shi da idon da bai taɓa mantawa ba. Ranar ya naɗe kayansa tun hantsi. Ya zauna a bakin ruwa yana kallon yatsunsa, waɗanda taba ta rina suka koma ruwan ɗorawa.

'Yarsa Yue tana aiki a Shenzhen, a wata masana'anta da ake haɗa sigarin lantarki. Da ya gaya mata abin da ya faru, bayan kwana huɗu sai ga ɗan akwati, da sigarin lantarki mai ƙamshin mangwaro a ciki. Ta kira shi ta ce, "Baba, wannan fa ba magani ba ne. Matakala ce. Ka sauko ta kanta, kada ka shimfiɗa tabarma a kai."

Makon farko ya sha wuya. Daga nan sai duniya ta fara dawo masa ta hanci. Wata rana da asuba yana tafiya wurin aiki ya tsaya cak a kan titi, don ya ji ƙamshin kogi, irin na jiƙaƙƙen dutse da ciyawar ruwa, wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Ya ji furen da ke cikin shayin Anti Shu. Ya ji barkonon da ake soyawa a layi na biyu. Har ƙamshin tsohuwar rigar sanyin marigayiya matarsa Suhua ya ji, da ya buɗe akwatinta. Yakan yi tafiya a hankali kamar wanda ke cikin mafarki yana tsoron a tashe shi.

"Me kake tsotsa haka kamar jariri?" in ji Dou, ranar da Pei ya fito da abin a tebur. "Alawa ce?"

"Shaƙi ka ji."

Dou ya shaƙa ya yamutsa fuska. "Kai! Tsoho da furfura yana ƙamshin 'yan makarantar mata. Malam, dubi abokinka ya zama rumfar mangwaro."

Malam Ran bai yi dariya ba. Ya ɗauki 'yar takardar da ke cikin akwatin ya karanta ta sau biyu, ya naɗe ta yadda take, sannan ya ce, "Yau kwana nawa ban ji tarinka ba?"

Pei bai bar su sun huta ba. Yana ƙwaƙular kunnensu yana zuba musu magana a ciki, ga shi ba dama su motsa kai. Kafin watan uku ya fita Yue ta aiko da wasu guda biyu. Malam Ran ya zaɓi na'a-na'a. Dou, bayan duk tsiyar da ya yi, mangwaron ya ɗauka.

Wannan bazara da daminar da ta biyo ta, Pei bai taɓa ganin irinsu ba. Farin tururi kan tashi daga teburinsu, ya yi ɗan lilo a iska ya narke, ya bar zaƙi a bayansa. Anti Shu ta ɗauke kwanon toka ta dasa albasa a ciki. Dou ya hau matakalar bakin kogi, guda sittin da biyu, bai tsaya ko sau ɗaya ba, ya iso sama yana buga ƙirji yana kiran mutane su shaida. Bayan abincin rana Pei yakan kishingiɗa barci ya ɗauke shi, kuma sau da yawa mafarki ɗaya yake yi: ga su su uku sun kai shekara casa'in, gemu fari har ciki, teburinsu yana shawagi a kan kogi cikin gajimare mai ƙamshi, Dou yana tuƙa shi da cokalin shayi. Idan ya farka yakan ɗauki lokaci bai buɗe ido ba. A ransa ya gama yarda cewa shi ya ƙetarar da abokansa, kuma ba mai komawa.

A watan goma aka yi bikin auren ɗan autan Dou. Tebur talatin aka kafa, kowanne da jan kwalin taba a tsakiya kusa da alawa. Amarya ta bi tebur-tebur cikin jar riga tana miƙa wa manya kara ɗaɗɗaya da hannu biyu, tana kunna musu. Pei ya karɓi nasa ya saƙale a bayan kunne ya yi mata fatan alheri. Malam Ran ya sa nasa a aljihu. Da ta iso gaban surukinta, Dou ya waiwayo ya dubi Pei.

"Ɗaya ce tak," ya ce. "Surukata ce fa. In ƙi, a ce me?"

Ya zuƙa. Pei yana kallo idanun Dou suka lumshe, kafaɗunsa suka sauka, fuskarsa ta yi laushi kamar wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Kafin a kawo kifi ya kunna ta uku.

Kashegari Dou da kwalinsa ya zo gindin ceɗiya, ko kunya babu. "Kada ka yi mini wannan kallon, Tsoho Pei," ya ce. "Abin nan naka tururi ne kawai. Kamar mutum ya rungumi hoton matarsa ne. Na gaji."

Pei ya haɗiye maganar, ya ce a ransa ai da sauran Malam. Malam mutum ne mai tsari, abin da ya fara sai ya kai ƙarshe. Mako uku bayan haka Malam Ran ya kishingiɗa a yi masa kunne. Pei ya kunna fitila ya duƙa, sai ya ji shi, can cikin furfurar, ƙarƙashin ƙamshin sabulu da na'a-na'ar da aka tauna don ɓoyewa. Hannunsa ya tsaya.

"Malam, tun yaushe?"

Malam Ran bai buɗe ido ba. Kunnuwansa suka yi ja. "Ranar Talata," ya ce a hankali. "Na zauna zan rubuta wa ƙanwata wasiƙa, hannun hagu ya rasa abin yi. Ta bikin nan tana nan a aljihu. Na so in gaya maka."

Pei ya gama masa kunnuwan biyu tsaf, don bai taɓa barin aiki a rabi ba. Amma da la'asar bai je tebur ba.

Ba fushi ya ji ba, da fushi ne da ya fi sauƙi. Ji ya yi kamar an tashi jirgi an bar shi tsaye a gaɓa da kayansa. Ya koma yin aiki a ɗaya gefen lambun, wajen masu yawon buɗe ido. Sanyi ya shigo, hazo ya riƙa kwana a kan kogi yana wuni, jiragen yashi suna wucewa ba a ganinsu sai dai a ji su. Daga inda yake zaune shi kaɗai yana hango ceɗiya, yana hango shuɗin hayaƙi ya koma mazauninsa a ƙarƙashin rassa, da kujerarsa ba kowa. Mangwaron ma ya daina yi masa daɗi, sai ya ji kamar sabulu yake tsotsa. Wata safiya ya fito da karan da amarya ta ba shi, wanda ya ajiye a aljihun tebur, ya sa a hanci ya daɗe yana shaƙa. Ya kusa kunnawa. Sai ga mai shara yana wucewa, ya miƙa masa ya yi gaba da sauri bai waiwaya ba.

Anti Shu ce ta gaji. Ta zo da butar ruwan zafi ta cika masa kofi, ta ja kujera ta zauna ba a gayyace ta ba.

"Yaya Pei, sau nawa ka rantse wa Suhua ka daina?"

"Bakwai."

"Tara. Ni nake kawo mata shayi tana ƙirgawa. Ta taɓa ɗauke kujerarta daga kusa da taka?"

Pei ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

"Wata biyu ke nan muna buga karta mu uku kamar marayu. Kai ka daina taba, ba sarauta aka ba ka ba." Ta ɗauki butarta ta tafi.

Maganar ta zauna masa, amma ƙafarsa ta ƙi zuwa. Sai da aka yi kwana biyar, ana saura mako biyu bikin sabuwar shekarar gargajiya, sai ga Dou ya ratso lambun dafe da kunne, yana magana da ƙarfin da ya sa tantabaru suka tashi.

"Tsoho Pei! Kunnen nan ya toshe! Na sa tsinken ashana na ƙara tura abin ciki!"

"Ashana? Shekara arba'in kana tare da ni, ashana?"

"Me ka ce?"

"Na ce zauna, ƙaton banza. Kashe wannan abin tukuna."

Dou ya murje tabar a ƙasa ya kishingiɗa. Pei ya kunna fitila. Aiki ne mai wuya, ya ɗauki kusan rabin sa'a, hannunsa kuwa ko gezau. Da abin ya fito, ya bi da gashin agwagwa, ya kaɗa ƙarfe ya taɓa wayar, rawar ta ratsa har cikin kan Dou. Sai Dou ya yi ajiyar zuciya, ya yi magana da wata ƙaramar murya da Pei bai san yana da ita ba.

"Na yi ƙoƙari fa. Wata bakwai. Tun ina ɗan shekara sha huɗu ban taɓa yin kwana bakwai ba."

Pei ya tsaya da gashin a hannu. Shi duk tsawon lokacin nan ranar bikin kawai yake gani. Bai taɓa zama ya dubi watannin da suka gabace ta ba.

"Juyo ɗayan," ya ce.

Da la'asar ya koma gindin ceɗiya. Abu ɗaya ya nema, a ba shi kujerar da ke gefen kogi, inda iska ke fitowa, hayaƙi ya bi ta bayan Dou ya tafi. Anti Shu ta kawo dafaffiyar gyaɗa, Malam Ran ya raba karta.

Har yau Dou yana shan tabarsa, sai dai kwali ɗaya kan kai shi kwana biyu, kuma ba ya kunnawa sai ya tambaya, "Iskar ta wane gefe take, ranka ya daɗe?" Shi kuwa Pei, kafin wata damina ta zagayo, ya manta sigarin lantarkin a gida sau ɗaya, sau biyu, har ya daina nemansa. Malam Ran yana tsakani, wata a nan, wata a can. Idan ya bari Pei ba ya tafa masa, idan ya koma ba ya ce masa komai, ko da yake hancinsa na gaya masa tun kafin Malam ya zauna.

Ranar nan da yamma, rana tana faɗawa bayan duwatsu ruwan ya koma kamar narkakken tagulla, Malam Ran ya jingina katunansa a ƙirji ya ce wannan karon yana jin da gaske yake, daga ranar Litinin.

"To," in ji Pei. "Litinin ɗin ta zo mu gani. Yanzu dai dubi hannun Dou, karta ce ya ɓoye a ƙarƙashin cinya."

"Sharri!" in ji Dou, ya ƙi tashi.