Bututun Motar Auta

Shekara talatin da ɗaya Sitokifa ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiyar wani asibiti, kuma ko sau ɗaya bai taɓa sa hannu a takardar kaya ba sai ya buɗe kwali ya leƙa da idonsa. Masu kawo kaya in suka hango hularsa sai su fara salati. Da ya yi ritaya ya miƙa makulli, amma halin ya biyo shi gida. Ko gwangwanin madara sai ya jijjiga shi a kunne kafin a fasa. Matarsa ta daɗe da sallamawa. Cewa take yi da a kwali aka kawo ta, da har yau bai gama dubawa ba.

Motar da yake hawa ba shi ya saya ba. Ta ƙaninsa ce, Auta, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ƙaramar baƙar mota ce mai turbo, irin wadda in an taka ta sai ta manna mutum da kujera. Sitokifa bai taɓa wuce sittin da ita ba. Gudu ba ya burge shi, amma motar yana sonta kamar ransa.

Saboda ita ne yake zuwa garejin Mai Salansa kowace Asabar, ko da lafiyarta ƙalau. Mai Salansa abokin Auta ne tun suna 'yan makaranta, kuma shi kaɗai ya rage wanda za a zauna da shi a yi hirar marigayi har a ƙyaƙyace da dariya. "Yaya" yake ce wa Sitokifa, kamar yadda Auta yake cewa. Sitokifa ba mai yawan abokai ba ne, don mutane ba su cika jure zama da wanda ke tambayarsu inda suka ji kowace magana ba. Wannan zaman na Asabar shi ne abin da yake jira duk mako.

Wata rana warin hayaƙi ya fara shigowa cikin motar har ido na yaji. Mai Salansa ya sauka ramin da ake duba ƙarƙashin mota, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya fito yana karkaɗe hula.

"Yaya, bututun da ya fito daga bakin turbo ya tsage a wuya. Ba zai ƙara ɗaukar walda ba. Na kamfanin motar kuwa babu shi a kasuwa, sai dai na wasu masu ƙerawa."

Ya sa aka kawo guda biyu, ya jera su a ƙasa. Ɗaya mai faɗi, yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya, cikinsa wayam. Ɗayan bai kai shi kyau ba, amma yana da kumburi a tsakiya, inda matatar hayaƙi take, mai ƙananan ramuka irin na saƙar zuma.

"Mai ƙyallin nan na masu tsere ne," in ji Mai Salansa. "Ƙara da wari kawai zai tara maka. Ɗauki mai matata. Tsohon kuma ka bar shi nan in jefar maka."

Da wani ne da ya ce to, a ɗaura. Sitokifa kuwa sai ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu. Mayen ya kama jikin mai matata, ya ƙi kama mai ƙyalli. Ya mayar da shi aljihu ya tafi. Washegari ya zaga shagunan kayan mota uku. Na farko ya ce wanda maye bai kama ba shi ne ƙarfen ƙwarai. Na biyu ya ce ai na banza ma ba ya kamawa. Na uku, wani mai bakin zuma, ya matso kusa ya rage murya.

"Baba, bar zancen sabo. Tsohon bututun fa, wa zai ɗauka? Matatar da ke cikinsa akwai ƙarfe mai daraja, masu saye suna nan suna bi gareji gareji. Shi ya sa za ka ji an ce maka bar shi a jefar."

Shi ke nan, an gama da Sitokifa. Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba. Ya kwana uku yana juya ta. Ya koma garejin da tef ɗin awo, ya auna bakin kowane bututu, ya duba ramukan noti, ya duba ramin da ake ɗaura sensa mai auna hayaƙi. A ƙarshe mai matatar ya zaɓa, wanda aka ce masa tun farko, amma da sharaɗi: a gabansa za a kwance tsohon, kuma a but ɗin motarsa zai tafi. Har jan farcen matarsa ya ɗauko, ya sauka rami da kansa ya ɗiga wa tsohon alama.

Mai Salansa ya ga alamar. Ya ce, "Yaya, da ka bar shi."

Wannan "da ka bar shi" ita ta ƙara tabbatar wa Sitokifa da zarginsa. Ana sauko da bututun ya karɓa, ya kunna tocilan, ya haska ta baki ɗaya. Haske ya fita ta ɗayan bakin tar. Babu matata, ko ɓurɓushi.

"Ina take?" ya ce, da ƙarfin da ya sa masu jiran gyara biyu suka waigo. "Ina matatar? Motar nan ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashinta sai kai!"

Mai Salansa ya ajiye sifana, ya goge hannu a tsumma a hankali.

"Auta ne ya sa na farfasa ta, tun shekarar da ya sayi motar. Wai yana son ya ji ta tana gurnani. Na hana shi, ya ƙi ji, ka dai san shi. Ya roƙe ni kada in gaya maka. Ya ce in Yaya ya ji, sai ya yi wata guda yana tuhumata. Shi ya sa na so ka bar shi a nan."

A nan ya kamata Sitokifa ya yi shiru, don zuciyarsa ta riga ta yarda. Wannan aikin Auta ne sak, har yana iya jin muryarsa. Amma bakin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tambaya bai jira zuciya ba.

"Wa ya shaida?"

Mai Salansa ya dube shi, idonsa ya kaɗa. "Mai shaidar, ni da kai muka sa shi a kabari," ya ce.

Ya koma rami ya ɗaura sabon bututun. Kowane noti ya ɗaure sai ya matsa gefe, ya haska masa, ya jira Sitokifa ya leƙa. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Da ya gama ya ɗauki tsohon da hannunsa ya sa a but, ya rufe.

"Alhaji, mota ta yi," ya ce. "In ta sake buƙatar wani abu, akwai gareji bayan gidan mai. Suna barin mutum ya tsaya a kansu."

Sitokifa ya so ya ba da haƙuri, amma bai saba ba. Ya shiga ya tayar da mota. Babu wari, babu yajin ido, aiki ya yi kyau yadda ba abin da zai kushe. Sai da ya hau titi ya lura motar ta yi tsit. Gurnanin nan da ya yi shekara biyu yana ji, yana zaton haka aka ƙera ta, ashe Auta ne ya sa mata shi, kuma yau an cire. Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya taka totur sau biyu yana saurare, bai ji komai ba.