Magana Uku da Na Hana wa Yaya Rakiya

Ni Idi, autan gidanmu, ina da laifin da ya hana ni sakewa tun da muka rufe yayata Hajiya Rakiya. Magana uku kacal ta nema a bakina: "Kin yi gaskiya." Shekara arba'in da ƴan kai tana jira, ni kuma na ƙi faɗa. Da ana mai da rana baya, da wannan zan fara gyarawa.

Amma kafin nan bari in sauke haushina. Ranar addu'ar bakwai na ji mutane suna cewa, "Allah sarki, mace mai sanyin hali!" Sanyin hali? Ku ji tsoron Allah! Ku da kuke canza hanya in kun hango farar rigarta? Duk wanda ya san ta tana aikin jinya a ƙaramin gidan likitan ƙauyenmu, can ƙasar Buza, ya san ba ta amsa gaisuwa sai ta ja fatar idonka ƙasa ta duba ko kana da jini. Kana "ina kwana", yatsarta na cikin idonka. Har kumandan, mai mulkin ƙasar Buza, bai tsira ba ranar da ya zo rangadi. Ya miƙo hannu, ita kuwa ta wuce hannun ta kama ido.

"Mi kake ci a gidan gwamnati?" in ji ta. "Ido fari fat awa na mai jego!"

Masu gadinsa suka daskare. Shi ko bawan Allah ya koma Buza da ƙunshin zogale a mota, da umarnin ya dawo bayan sati biyu. Kuma ya dawo!

Abin da ta fi tsana shi ne namiji ya zo amsar magani a madadin matarsa. Wani magidanci daga wajen Tabotaki ya zo ya zauna yana kwatanta ciwo: nan ke mata zafi, nan ke mata suka, yana nunawa a jikinsa.

"Ina mai ciwon?"

"Tana gida, Madam. Daka take yi, ba ta samu sarari ba."

Yaya ta rufe ƙofa, ta ce ya shige gaba. Da suka isa ta zare taɓarya daga hannun matar ta danƙa masa, ta tafi da marar lafiya. Kwana uku ƙaton nan yana surfe, maƙwabta na leƙe ta katanga. Yau ɗansa ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa tana da sanyin hali.

Ga kuma rashin yar da kaya. Da ta aje aiki ta taho gida da tsohon farantin da take jera allurai, wanda aka ce a zubar. A ciki take ba baƙi goro. Ka ga dattijo ya miƙa hannu, ya gane farantin, ya janye a hankali.

"Ɗauki mana! Na dafa shi ya fi sau dubu. Ya fi hannunka tsabta."

To, ga nawa laifin. Lokacin da matata Haju ta haifi ɗiyarmu ta fari, Mariyama, al'adar garinmu ita ce ranar suna wanzami ya cire wa jariri beli, ɗan naman nan da ke rataye a maƙogwaro. An ce in aka bar shi yana hana yaro shan nono. Yaya ta daɗe tana yaƙi da wannan. Sai aka kira ta Madawa ɗauko maganin rigakafi, ana gobe suna. Ta tsaya a ƙofar gidana da jakarta.

"Auta, aski na yarda. Amma ƙarfe kar ya shiga bakin ɗiyar nan. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

Na ji ɗin kuwa. Amma da safe abokaina suka sa ni gaba a zaure. "Ashe yanzu mace ke yanke hukunci a gidanka? Kai ba a cire maka ba? Ka mutu?" Wallahi ba don na yarda da cire belin ba, don kar a yi mini dariya ne. Na ce wa wanzami ya yi aikinsa.

Jini ya ƙi tsayawa. Aka yi tofi, aka shafa gari, a banza. Haju na kuka, abokan nan nawa kowa ya tuna yana da aiki a gona. Da azahar Yaya ta sauko daga mota. Ba ta ko dube ni ba. Ta danne wurin da auduga, ta rungumi jaririyar, ta fita titi ta tsaya a gaban wata motar albasa. Direba ya ce ba wuri. Ta ce ya sauke buhu biyu ko ya bi ta kanta. A bisa albasa suka isa asibitin Madawa, kuma Allah ya tashi kafaɗar Mariyama.

Da suka dawo na yi tsammanin zagi, har na shirya kunnena. Sai ta zauna ta ce, "Ba ni son komai. Ka ce, 'Yaya, kin yi gaskiya.' Shi ke nan."

Ni kuma, jakin banza, na ce, "Ai ƙaddara ce."

"To. Ina jira."

Daga ranar duk Sallah in na je gaishe ta, sai ta ce, "Auta, ka zo da saƙona?" In ce, "Ban zo da shi ba." Ta ce, "To zauna ka ci tuwo." Yara suna tsammanin wani kaya ne. Wani jikanta har ya taɓa cewa in yana da nauyi shi zai ɗauko mini a babur. Ita ta riƙe Mariyama har ta yi lakwal, wato karatun boko, ita ta aurar da ƴaƴana, ita ke raba rigimar duk zuri'armu daga Keita har Madawa. Ba ta rage ni da komai ba, amma ba ta taɓa fasa tambaya ba. Wannan ba taurin kai ba ne, jama'a? Ni kuwa da na yi ta jiran tsohuwa ta gaji, mi za a kira nawa?

Da ciwo ya kwantar da ita, ta haura shekara casa'in, na hau kabu-kabu ina maimaita maganar a hanya. Na iske ɗakin cike da mata da jikoki, har da Mariyama tana yi mata fifita. Ta buɗe ido.

"Ka zo da shi?"

Na dubi mutanen nan, na ji kunya ta kama ni, furfura da komai. Na ce, "Yana nan, Yaya. Jibi, in mutane sun ragu."

Ta yi ƴar dariya. "Auta, yaushe ka taɓa ganin mutane sun ragu a ɗakina?"

Washegari da hantsi ta cika.

Na faɗa a bakin kabari, da ƙarfi, har liman ya waiwayo. Amma wanda ya kamata ya ji ba ya amsawa. Ku da kuka karanta wannan, in akwai wanda ke jiran magana a bakinku, ku tashi yau ku kai masa, ko da kasuwa ce ta cika ɗakin. Kada ku yi irin tawa.

Ya Allah, ka dubi rayukan da ka raya ta hannun Rakiya, ka sanyaya mata makwanci, ka sa mu sadu inda zan faɗa mata ta ji. Amin.