Fil mai ƙugiya da ƙwan zabin Goggo

Ƙwan zabi arba'in Goggo ta tara a daminar, sai muzuru ya ɗauke kazar da ta saba kwanta mata a kansu. Ni kuwa ina da shagon gyaran rediyo a Gaya, ga baki da ba ya shiru, na ce zan haɗa mata akwatin ƙyanƙyasa. Ƙanwar babana ce, a Toranke take zaune, kuma ba a yi mata alkawari a manta.

Akwatin katako na yi, da fitila mai ɗumama ciki, da batirin sola, da ɗan fanel irin na cikin rediyo mai kunna fitilar in ciki ya huce, ya kashe ta in zafi ya isa. Wayar da ke auna zafin a jikin fanel ɗin take shiga. A nan na yi gwaninta: na sa fil uku miƙaƙƙu, irin waɗanda ake zura musu soket kawai, ba abin da ke riƙe shi. Sun yi kyau wallahi, a jere kamar haƙoran mataji. Na kai mata, na ce ta riƙa juya ƙwan safe da yamma.

Kwana uku ta kira ni a waya. "Ɗan nan, akwatinka ya mutu."

Na hau babur na nufi Toranke. Na tarar soket ya zare, ƙwan kuwa ta naɗe su a zani ta ajiye kusa da murhu, da sauran ɗuminsu. Na mayar da komai, na ce ta nuna min yadda take juyawar. Sai ta sunkuya ta ɗaga akwatin gaba ɗaya, ta shiga jijjiga shi hagu da dama kamar mai tankaɗe a faifai.

"Goggo, ɗaya-ɗaya fa na ce."

"Ƙwai arba'in? Gyaɗata kai za ka nome min?"

Raina ya ɓaci sosai, har na fara yi mata bayanin lantarki. Tana kallona tana ɓare gyaɗa, ko a jikinta. Nan na gane Goggo ba za ta canza ba, fil ɗin ne zai canza. In liƙe wayar da dalma kuma ba zai yiwu ba, don ma'aunin yana lalacewa, sai an cire shi.

Na koma shago na zazzage buhun matattun fanel, har na sami soket fari mai ƙugiya, wanda in ya shiga sai ya ce ƙas, kuma ta fuska ɗaya kaɗai yake shiga. Da la'asar na ɗora shi, na ce mata, "Bismillah, jijjiga." Ta jijjiga har da ƙari. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Duk da haka makonnin nan ban sami sukuni ba, ina tsoron sanyin ranar nan ya riga ya kashe su. Ran da kwanakin suka cika na isa da hantsi. Tun daga zaure na jiyo tsiu-tsiu. Na tarar da 'ya'yan zabi cike da kwando, masu zane-zane a ka, suna tattaka juna. Daɗi ya kama ni, na zauna a ƙasa ina ta dariya.

Goggo ta zaɓi biyu ta sa min a hula. Ta ce, "Ka gani ko? Jijjigar nan ce ta fito da su."

Na ce, "Ita ce, Goggo."