Bikon da gashina ya jawo

Shekarun baya, lokacin da noman rani ya fara kankama a wajenmu, na yi haihuwar fari. Kamar yadda aka saba, gidanmu na Kura na koma wankan jego, maigidana yana Bunkure yana fama da tumatirinsa.

Yaro ya kusa wata uku ana maganar komawata, sai gashina ya fara zuba. In na sa mataji sai ya fito a cike. Gefen goshina ya zama fili kamar an yi girbi, ni da aka kai ni ɗakin miji da gashi har kafaɗa. Na rubuta addu'o'i a allo, na wanke na shafa. Ɗankwali kuwa ko barci zan yi ba na cire shi. Na ƙudurta ba zai gan ni a haka ba.

Ya aiko a mayar da ni, na ce ba ni da lafiya. Ya sake aikowa, na ce sai gaba. Bawan Allah ya ɗauka laifi ya yi mini, ya taho biko da yayansa da kawunsa, a ranar da ake sakar wa gonarsu ruwa. Mahaifina ya zaunar da su a zaure, ya turo mahaifiyata ta ji me aka yi mini, ya ce in zalunci ne ba zai rufe ba.

Na zame ɗankwalin.

Ta duba, ta sake dubawa. "A kan wannan kika tara mana maza a zaure? Ke da kanki sai da kika cinye mini rabin gashi."

Mahaifina dai ce musu ya yi lamarin mata ne, ya wuce. Daga baya da na kai yaro rigakafi, nas ta ce mini akwai sinadaran jiki, homon, da ke ƙaruwa lokacin ciki su riƙe gashi. In an haihu sai su sauka, gashin ya zube, ya kuma fito.

A ranar bikon da yamma aka raka ni Bunkure. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Ko me na yi, don Allah ki yafe mini."

Na ce na yafe.

Gashi ya dawo kafin yaye. Yanzu ma furfura ce, ba mai tambayarta. Amma har yau in na tuna na yafe wa mutumin da bai yi mini komai ba, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na gaya masa gaskiya bayan shekaru, dariya ya yi, ya ce to in mayar masa da haƙurinsa.