Kason da Na Roƙa a Gadon Babanmu

Babanmu malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Lokacin da aka sa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, ya sayi na wani kamfanin sabulu. Ba zuga shi aka yi ba. Duk zuwan da za mu yi Argungu gaishe da dangi, sai ya ja ni mu zaga kasuwa, ya tsaya yana kallon abin da mata ke saye. Ya ce mini masunci da manomin shinkafa duk sai sun yi wanka da wanki, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma abin da mutane ke saye kullum ba tare da an roƙe su ba, shi ya dace mutum ya mallaki wani yanki nasa. Idan ribar shekara ta zo ta gidan waya ba ya cin ta, tarawa yake ya ƙara saye. Farashin hannun jarin kuwa ban taɓa jin ya tambaya ba. Abin da yake tambaya shi ne ko sabulun ya canza, ko har yanzu yana kumfa a ruwan rijiya.

Ya rasu a shekarun tsuke bakin aljihu. Masana'antu sun rasa kayan aiki, sabulu ya yi wuya har ana bin layi a kansa, kamfanin ya daina aiko da riba, farashin hannun jarinsa ya faɗi. A lokacin na fara aiki a Sakkwato, na zo gida rabon gado.

Wanda aka damƙa wa al'amarin shi ne Baffa, ƙanen babanmu, manomin albasa a wajen Augie. Ba macuci ba ne, kuma wannan yana cikin abin da ke ƙara mini haushi. Da aka zauna, na roƙi abu ɗaya: a yi wa hannun jarin ƙima a farashinsa na lokacin, a saka shi a kasona, yayyena su ɗauki gona da gida. Babu wanda zai cutu. Yayyen nawa ma har sun amince, don ba wanda ke son takardar hannun jarin. Na yi wa Baffa bayani a tsanake cewa layin da ake bi na nuna mutane na son sabulun ne, cewa injuna da sunan kamfanin suna nan, farashi kawai ya sauka.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, in ba maza ƙasa, ke in ba ki wagga takarda? Mi mutane za su ce? Su ce na cuci marainiya."

Na ce, "Baffa, ni na roƙa, kuma a gaban shaidu."

Ya ce shaidu mutuwa suke yi, magana ba ta mutuwa. Daga nan ya rufe zancen, ni kuma ban tashi da musu da ƙanen uba ba.

Bayan na koma aiki ya tattara takardun izini, ya hau mota zuwa Kaduna, ya sa dillali ya sayar da komai a farashin da ya tarar. Abin da babanmu ya yi shekaru yana tarawa ya tafi a zama ɗaya. Da kuɗin ya saya mini injin ban ruwa, ya ba wani manomi a fadamar Zauro haya da sunana, ya aiko a gaya mini yanzu ina da dukiyar da ido ke gani.

Ga inda raina ya fi ɓaci. Mutumin nan ya fi kowa sanin jira. Da kaka, lokacin da albasa ke zube a kasuwa ba mai kallonta, ba ya sayarwa. Yakan jera ta a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, a sama inda iska ke ratsa ta, yana juyawa, yana tsince ruɓaɓɓu, har sai ta yi tsada. Manomin da ya sayar da kaka, Baffa wawa yake ce masa. Albasar da ke ruɓewa ya iya yi mata haƙurin watanni, amma abin da ba ya ruɓewa ya sayar da shi a tsakiyar kakarsa, don kawai kada a yi da shi a bakin masallaci.

Injin bai daɗe ba. Ya fara da shan mai, ya koma cin kuɗin gyara, daga baya aka rasa kayan gyaran. Manomin ya dawo da shi a amalanke. Kamfanin kuwa ya farfaɗo, ya koma biyan riba, har ya ƙara wa masu hannun jari wasu kyauta. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, 'yar Filato, wadda babanmu ya ba shawara ta saya tare da shi, ta riƙe nata. Da ribar take biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, kuma duk haɗuwarmu sai ta yi masa addu'a, ba ta san da me take taɓa ni ba.

Na je gaishe da Baffa a wata shekara da albasa ta yi tsada. Yana cikin farin ciki, yana yi wa samarin gidan faɗa a kan gaggawa. Da zan tafi ya sa aka ɗauko mini tsaraba, kwandon albasa da sandar sabulu, irin na kamfanin nan. Ya ce shi dai ba ya sayen wani, don shi kaɗai ke kumfa a ruwansu.

Na durƙusa na karɓa, na yi godiya. Injin yana nan a zauren gidanmu, kaji na kwana a kansa. An sha tayawa a matsayin ƙarfe, na hana a sayar.