Littattafan Goggo Gazala Ba Za Su Bi Ta Kabari Ba

"Da taimakon Allah, Goggo, kafin Idin Ƙetarewa ɗakin bayan majami'a ya zama ajin mata." Haka Hamus Bittan, shugaban kwamitin unguwarmu ta Yahudawa, ya faɗa miki a gabana. An yi idi huɗu tun daga nan. Ke kuma, Goggo Gazala Mazuz, kin rasu ranar Laraba, sha biyu ga watan Shebat, aka binne ki a nan tsibirin Jarba kafin faɗuwar rana. Albarka ta tabbata ga Alƙali mai gaskiya.

Ina da shekara talatin da 'ya'ya uku ban san harafi ɗaya ba. Wata Juma'a, muna jiran burodin Asabar a gidan tanderu, kika baza gari a faranti, kika zana alef, harafinmu na farko, da yatsa, kika ce in kwaikwaya.

Na ce, "Goggo, kaina ya bushe. Sai dai in Allah Ya buɗe."

"Ya buɗe me, 'yar nan? Kin taɓa ganin mai tanderu ya gasa kwaɓin da aka bari a gida? Wuta tasa ce, amma ke za ki ɗauko."

Bayan shekara biyu na karanta Zabura ba gargada, na fara hura hanci. Kika ja kunnena a gaban mata: "Kwaɓi kawai kika kawo, Semha. Kada ki ce ke kika gasa." Abin da malamanmu suka cika littattafai da shi a kan ƙoƙarin bawa da taimakon Sama, ban ji wanda ya faɗe shi daidai kamar haka ba, kuma na karanta da dama.

Kin bar littattafan darasi goma sha bakwai da rubutun hannunki. Sun tsufa, sun sha mai da gari. Takarda mai sunan Allah ba a yar da ita, binne ta ake yi, don haka ɗanki Fraji ya ce ranar sadakar talatin zai kai su maƙabarta, sai fa in akwai aji mai karatu da su. Ban ga laifinsa ba.

Na sami Hamus a shagonsa na zinariya. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Semha, Allah zai kawo hanya."

Na ce, "Mabuɗin ɗakin yana aljihunka, Hamus. Mala'ika kake jira ya zo ya laluba maka?"

Goggo, kada ranki ya ɓaci. Mata ashirin da uku sun ba da sunayensu don shiga ajin tun kwana bakwai na makokinki ba su cika ba, har da Mbarka matar Hamus. Kowacce da hannunta ta rubuta.

Allah Ya ji ƙanki, Ya sa ki huta a Aljanna tare da iyayenmu Saratu da Rifkatu. Fraji, da 'yan'uwanka da jikokinta, Allah Ya sanyaya zukatanku daga Sama.

Kai kuma Hamus, talatin ɗin Alhamis ce, sha ɗaya ga watan Adar. In rana ta faɗi mabuɗin bai zo hannuna ba, Lahadi da hantsi zan shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagonka, mu ashirin da huɗu, mu buɗe littafin farko. Masu sayen zobe sai su tsallake mu. Matarka ce za ta fara karantawa.