Kwana Biyun da Na Cinye wa Likita

Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, ni da abokina a kan inji ɗaya muke. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya girme ni da shekara biyu. Idan jiniyar tashi ta kaɗa, sai mu hau kekunanmu mu nufi Trikania, auduga duk a gashinmu, mu tsaya wurin mai ƙosai muna musun ƙwallo har man ya huce. Daga baya masaƙa ta rufe, muka tsufa, shi kuma yanar ido ta rufe masa ido biyu.

Wata shekara 'yar wani maƙwabcinmu marigayi ta aiko cewa za ta zo gida ta yi wa mutane aikin ido kyauta. Likitar ido ce a Turai. Na san ta tun tana tsallake kwatar ƙofar gidanmu za ta makaranta. Hutun kwana shida ta samu. Da yake ni ne shugaban ƙungiyar unguwa, aka ɗora mini tsara komai.

To, ni a sanina baƙo ba ya fara aiki sai ya gai da manya. Ranar farko na kai ta gidan mai unguwa, daga can gidan liman, sai gidan fasto, sai na wani Alhaji da ya ba mu aron kujeru. Ko'ina sai an zauna, an kawo lemo, an tuna mahaifinta. A mota ta riƙa duba agogo. Ta ce mini a hankali mutane na jira a asibiti. Na ce ta bari, idan muka tsallake gida ɗaya za a shekara ana maganar. Rana ta biyu kuma na shirya taron maraba, da rumfa da lasifika. Ni kaɗai na yi rabin awa ina jawabi.

Sai rana ta uku ta sa farar riga. Tun safe take tsaye har rana ta faɗi. Ina nan aka kwance wa wata tsohuwa bandeji, ta dubi mijinta ta tambaye shi wa ya ɗinka masa wannan mummunar riga. Har likitar sai da ta yi dariya.

Abokina ya zo tun ranar, matarsa na riƙe da hannunsa. Na ce ya koma sai ranar ƙarshe, na gida shi ake bari baya, kada a ce shugaba ya yi son kai.

"Malam, ko a masaƙa kai ne ke sa mu makara," in ji shi, yana dariya.

Ranar ƙarshe ya zauna a benci tun safe. Da la'asar motar da za ta kai ta filin jirgi ta iso, saura mutum bakwai, har da shi. Ta fito ta durƙusa gabansa, ta haska idonsa da 'yar tocila.

"Baba, naka ba mai wuya ba ne. Rana ɗaya kawai na rasa."

Ba ta dube ni ba.

Ta rubuta masa takarda zuwa wani asibiti, ya ƙi zuwa. Ya ce 'yarsu likitar nan zai jira, hannunta ya yarda da shi.

Na fi wata ban iya taka gidansa ba. Ranar da na je, na faɗa masa gaskiya, cewa ni na cinye kwanakin nan, ni kuma na mayar da shi baya don a yabe ni. Ya lalubo gwiwata ya dafa.

"Bar wannan. Faɗa mini yadda fuskarka ta koma, don na ji muryarka ta tsufa."

Na zauna na kwatanta masa, har haƙoran da suka zube.

Ya rasu da damina, wata huɗu kafin likitar ta sake samun hutu.